Hasashen Gasar Eshek a Rediyon Matamaye

Ina tsakiyar maimai a gonarmu ta hanyar Dungu wayata ta yi ƙara. Na jingine hauya, na goge hannu a wando, na duba. Ƙanwata ce daga Yamai, inda take karatu a jami'a. Ba ta saba kira da rana ba, shi ya sa na yi saurin ɗauka.

"Yaya, an ɗauke ni," ta ce, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"An ɗauke ki ina?"

"Ekip, ƙungiyar ƙasa ta mata. Za mu je babbar gasar nan ta duniya. Ni ce ta ƙarshe da aka zaɓa, amma dai an zaɓe ni."

Na zauna a kan kunya. Ban san abin da na ce mata ba, na dai tuna na riƙa maimaita barka har ta gaji ta yi dariya.

Wasan da take nufi shi ne darar Turawa, wadda a nan muke cewa eshek. Ni na kawo shi gidanmu. A lise, wato babbar sakandare, na koya a Damagaram, wurin wani malaminmu da yake ajiye allon a ƙarƙashin teburinsa. Da aka yi hutu na dawo Matamaye na rasa abokin wasa, sai na zana allon a kwali, na zaunar da ƙanwata, lokacin tana ƴar firamare. Na nuna mata sarki da sarauniya da doki da sojoji. Wanda ake cewa hasumiya kuwa ta ce ita rumbu ta gani, har yau kuma rumbu muke ce masa a gida. Alhaji, mahaifinmu, bai so abin ba da farko. Sai da ya tambayi limamin unguwarmu ko caca ce, aka ce masa in babu kuɗi a ciki kuma ba ya hana salla, to ya bar yara. Kafin ta gama koleji ta fara cinye ni. Ni na zama malamin lissafi a nan garin, inda Mushe ake kiran malamin boko, ita ta tafi Yamai ta sami waɗanda suka fi ni.

Labari bai kwana ba ya zaga gari. Inna ta faɗa wa maƙwabta, maƙwabta suka kai kasuwa. Da yake ni kaɗai aka sani da wasan, kowa ni yake tarewa. A fada wurin shayi, a bakin masallaci, har a gidan mai.

"Mushe, ƴar gidanku za ta kawo mana takobi kuwa?"

Da kokawa suke auna abin. A ganinsu mutum ya shiga fili, ko ya yi kaye ko a kayar da shi, wanda ya rage a tsaye ya ɗauki takobi. Na yi ta bayani cewa kowace ƙasa mutum huɗu take zaunarwa, kowa da abokin karawarsa, a haɗa sakamakon, gobe kuma a sake da wata ƙasar. Su dai amsa ɗaya suke so.

Ana nan sai mai shirin wasanni na ƙaramin gidan rediyon garinmu ya aiko kirana. Tare muka yi firamare da shi. Ƙwallo da kokawa ya sani, ya ce in zo in gaya wa jama'a yadda nake ganin za ta kaya.

Na ɗauki abin da gaske, watakila fiye da kima. Na yi kwanaki ina duba waya. Kowane ɗan wasa a duniya yana da lambar da ake auna ƙarfinsa da ita, ƙasashe kuma an jera su bisa ga lambobin ƴan wasansu. Na riƙa jan shafin ƙasa ina neman tutarmu, ina ja, ina ja, sai can kusa da gindi na same ta. Ƙanwata ma ba ta da lamba ko kaɗan, don ba ta taɓa wasa a waje ba. Na rufe wayar, na buɗe, ko zan ga wani abu daban. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ina so in faɗi abin da zai faranta wa gari rai, amma ni malamin lissafi ne, kullum ina hana ɗalibai rubuta amsar da suke so a maimakon wadda ta fito.

Ranar shirin, ɗakin rediyon ya yi zafi, fanka tana juyawa ba iska. Abokina ya gabatar da ni da kirari, sannan ya jefo tambayar kai tsaye.

"Mushe, Matamaye tana saurare, Yauri da Ɗan Barto suna saurare. Za mu ɗauko kofin nan?"

"A'a," na ce.

Ya dube ni, ya yi mini alama da hannu in gyara. Ban gyara ba. Na ce akwai ƙasashen da yaransu suke fara wasan tun ba su iya ɗaura zane ba, suna da makarantu da masu horarwa. Na ce mu kusa da ƙarshe aka jera mu, in muka gama sama da inda muka fara, to mu gode wa Allah.

"Ita ƴar gida fa?" ya tambaya, yana neman inda zai kama.

"Sabuwar shiga ce. Za ta sha wuya. In ta ci ko wasa ɗaya, ni a wurina ta yi ƙoƙari."

Tun a hanyar komawa gida na gane na ɗebo ruwan dafa kaina. Wani mai sayar da rake da muke wasa da dariya kullum ya amsa gaisuwata da ka kawai. A gida Inna ta ajiye mini kwanon tuwo da ƙarfi har miya ta fantsalo.

"Da bakinka," ta ce. "Ƴar'uwarka ciki ɗaya, ka je gaban duniya ka ce za ta sha wuya. Ko maƙiyi ai ya jira ta tafi tukuna."

"Inna, tambayata aka yi."

"In an tambaye ka sai ka ce Allah ya ba da sa'a. Ba a koya muku wannan a lakwal, makarantar bokon taku, ba?"

Alhaji yana kishingiɗe a tabarmarsa, ƙafarsa mai ciwo a kan matashi. Washegari saƙon murya ya shigo daga ƙanwata. Ashe wani ya naɗi shirin ya tura mata. Kalma biyu ce a ciki: "Na ji." Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira da yamma, na kira washegari. Har jirginsu ya tashi Inna kaɗai take yi wa magana.

An fara gasar gero yana fitar da kai. A lokacinmu na nan, wasa yana somawa ne bayan azahar. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye allona na katako, na jingine waya a jikin bulo. Duk abin da aka motsa a can yakan fito a waya, ni kuma in motsa shi a allona. Ranar farko zauren ya cika, har da waɗanda ba su taɓa ganin allon ba. An haɗa mu da wata babbar ƙasa. Kafin a kira la'asar an cinye mutanenmu duka huɗu, ƙanwata ce ma ta fara tashi.

"Ai an faɗa a rediyo," in ji wani maƙwabcinmu, yana saka takalmi. Bai dube ni ba, amma kowa ya san da wa yake.

Daga ranar na rasa wurin zama. Da safe in tafi gona, in tsaya ina kallon gero, in dawo ban taɓa komai ba. In shiga ɗaki in fito, in leƙa ƙofar gida, in koma in duba ko waya ta cika caji alhali na san ta cika. Ko a salla sai in ga doki yana tsalle a gabana, in yi ta istigfari. Idan ƙanwata ta daɗe ba ta motsa ba, sai in tashi in zagaya gidan, in dawo in tarar har yanzu tana tunani. Ba ta san ina yi ba, ni kuma ba abin da zan iya yi mata daga zauren nan.

Alhaji ne ya fara ba ni mamaki. Kowace safiya in na je gaishe shi sai ya ce, "Yau da wa?" In faɗi sunan ƙasar, shi kuma ya lumshe ido ya nemo ta a cikin mutanen da ya gani a aikin hajji.

"Na san su. Tantinsu yana kusa da namu a Mina. Mutane ne masu gaggawa, ko layin ruwa ba sa iya bi. Mai gaggawa ba ya cin dara. Yau namu ne."

Ranar aka cinye mu. Wata rana ya ce waɗannan masu haƙuri ne, ba za mu iya da su ba, sai ga shi an tashi kunnen doki. Ni da lambobina, shi da alhazansa, duk ba mu tsinana komai ba. Amma ya fara sa a kawo masa kujera zaure, ya zauna yana jan carbi yana kallon allon da bai san kansa ba.

Wajen tsakiyar gasar aka haɗa mu da wata ƙaramar ƙasa ta tsibiri, wadda take ƙasa da mu a jeri. Na duba ƴan wasansu ɗaya bayan ɗaya, na ga wannan karon babu makawa. Ina kuma so in wanke bakina a gari. Don haka na bi fada fada ina cewa yau a zo, yau za mu ci. Mutane suka dawo. Aka hura gawayi aka ɗora shayi a ƙofar zaure, Inna ta aiko da dafaffiyar gyaɗa.

Wasan ya tafi yadda na faɗa. Ƙanwata ta matsa wa abokiyar karawarta lamba har ta cinye mata doki a banza. Na miƙe tsaye.

"Ya ƙare," na ce. "Daga nan ko ni zan ƙarasa shi."

Aka yi tafi. Ban lura da agogonta ba. A wasan nan kowa yana da lokacinsa, in ya ƙare ka faɗi ko da kai ne a sama, ita kuwa ta cinye nata wurin tunani. Ta shiga sauri. Sai na ga ta ajiye sarauniyarta a wani gida, na ɗauki tawa zan ajiye a wurin, hannuna ya tsaya. Gidan a bakin rumbun abokiyar karawarta yake. Na ce ko waya ce ta yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Aka ɗauke sarauniyar, ba a daɗe ba ta sallama, faɗuwarta kuma ta ja ekip ɗin duka.

Mutane suka fice ɗaya bayan ɗaya, shayi na biyu ma ba a sha ba. Maƙwabcin nan namu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mushe, ka ce a'a, an sha kashi. Ka ce e, an sha kashi. Don Allah gobe ka yi shiru."

Bayan magariba wayata ta yi ƙara. Ita ce, karo na farko tun ranar rediyo. Muryarta ta dushe.

"Yaya, ka gani?"

"Na gani."

"Hannuna ne ya riga kaina. Ina sakinta na gani." Ina jin tana jan hanci. "Na ce wa shugabar ekip ta hutar da ni gobe, ta ce in yi tunani. Waɗanda za mu haɗu da su sun fi na yau ƙarfi. Kai da ka iya hasashe, gaya mini, in na zauna za a sake cinye ni?"

Na riga na duba, na san matar da za ta fuskanta ta daɗe tana wasa, tana da lamba mai kyau.

"Ban sani ba," na ce. "Wallahi ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne, kafin sarauniyar nan, kin yi wasan da ni ban taɓa yin irinsa ba."

Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi wayar.

"Ke, kin ci abinci?" Ban ji amsarta ba, sai na ji ya ce, "Ganye mai sanyi ba abinci ba ne. Ki tambaya, ba a rasa shinkafa a duniya. Ki ci ki ƙoshi, gobe ki je ki zauna inda aka ce ki zauna. Allah ya yi miki albarka."

Washegari daga ni sai Alhaji a zaure. Ban gayyaci kowa ba, ba kuma wanda ya zo. Tun azahar hadari yake haɗuwa a gabas. Sunanta ya fito a waya, ta zauna. Wannan karon ba ta kai hari ba, ta riƙa tafiya a hankali, tana musayar kaya ɗaya bayan ɗaya. Na kasa zama. In tsuguna, in miƙe, in leƙa sama, in dawo. Alhaji ya ce in na ƙara wucewa ta gabansa zai sa mini sanda.

Muka yi la'asar muka dawo. Sauran ukun sun gama: ɗaya ta ci, ɗaya an cinye ta, ɗaya kunnen doki. Saura ita kaɗai, duk abin da ta yi shi ne na ƙasa. A allon ba abin da ya rage sai sarakuna da rumbu ɗaya ɗaya da ƴan sojoji, nata sun fi da guda. Irin wannan wuri yana iya zama ci, yana iya zama kunnen doki, kuskure ɗaya kuma ya mayar da shi faɗuwa.

Sai iska ta taso, ruwa ya kece. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, rezo na waya ya bi shi. Allon waya ya tsaya cik, agogonta ya daskare a inda yake.

Na ɗaga wayar sama, na fita tsakar gida, na hau kan turmi. Babu. Na dawo na kashe na kunna. Babu. Na dubi Alhaji.

"Je ka," ya ce. "Zamanka ma ba zama ba ne."

Na ƙulle wayar a leda, na tayar da babur. Akwai wani tudu a hanyar Kance inda na san rezo yakan kama ko da na gari ya ɗauke. Ruwa yana dukan fuskata har ba na ganin gabana sosai, kwatoci sun cika sun malalo kan hanya. Na isa tudun na fake a gindin wani gawo, wanda a damina ba shi da ganyen da zai tare wa mutum komai. Na buɗe ledar. Sanda ɗaya ta rezo ta fito, ta ɓace, ta dawo. Shafin ya riƙa juyawa bai buɗe ba. Na yi duk addu'ar da na iya, na tsaya da ƙafa ɗaya a kan babur ina miƙa hannu sama kamar mai kiran mota.

Da ya buɗe, allon bai fito ba, sakamako kawai ya fito. Na karanta, na goge ruwan da ke kan gilashin, na sake karantawa don kada in rikita layi. Ta ci. Ƙasarmu ta ci.

Na yi ihu ni kaɗai a kan tudun nan, ba mai ji sai wasu shanu da suka juya wa ruwa baya. A hanyar dawowa babur ya zame da ni cikin taɓo, na kuje gwiwa, ban ma ji zafi ba sai daga baya. Na tarar da Alhaji a tsaye a ƙofar zaure, ya dogara sanda, shi da ba ya tashi sai an kama shi.

"Ta ci," na ce.

"Alhamdulillahi." Ya dube ni daga sama har ƙasa, taɓo har kunne. "To shiga ka faɗa wa uwarta da kanka."

Inna tana bakin murhu a rumfa. Da na faɗa mata ta saki muciya ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga cikin ruwa suna tambayar ko haihuwa aka yi. Sai da ta nutsu ta ga gwiwata, ta sa aka ɗora ruwan zafi, ta wanke mini da kanta tana yi mini faɗa a kan gudu da babur.

Ba daga nan komai ya gyaru ba. Washegari aka sake cinye mu, ranar da ta biyo ma haka. Ƙanwata ta yi kunnen doki sau ɗaya, ta faɗi sauran. Ni kuma ban daina zagaya gida ba har ranar ƙarshe. Da aka rufe gasar, ƙasarmu ta gama sama kaɗan da inda aka jera ta, nesa ƙwarai da kofi. A gari kuwa ba wanda ya damu da jerin. Abin da aka riƙe shi ne ƴar Alhaji ta ci wasa ranar babban ruwan nan.

Ta zo gida an fara girbi. Ta rame, tana tari. Ta ce ɗakin gasar sanyi gare shi kamar cikin firiji, ga mutane cike amma ba ka jin komai sai ƙarar danna agogo. Ta ce matar da ta cinye dattijuwa ce mai furfura, bayan wasan matar ta kama hannunta ta kai ta wani teburi, suka sake jera kayan. Ba su da harshe ɗaya, da yatsa matar ta nuna mata inda ta bar hanya mafi sauƙi ta bi mai tsawo.

Kwanakin farko ko kallon allon ba ta son yi. Ta taya Inna sussuka, ta zauna a inuwa tana shan rake, mata suna shigowa ganinta tana ba su labarin jirgi. Sai ana gobe za ta koma ta ce in ɗauko allon, in jera mata wasan da ta zubar da sarauniya. Muka zauna a kansa tun hantsi, tana nuna mini abin da ta yi niyya, ina musu, har Inna ta aiko cewa fura ta gaji da jira.

Da safe na kai ta tasha a babur. Motar Damagaram ba ta cika ba, muka tsaya a gefe tana gyara ɗaurin jakarta.

"Yaya, a ajinka akwai ƴan mata masu son lissafi?"

"Akwai. Har da wata da take gama aiki kafin in gama rubuta shi a allo."

"Masu kula da wasan a Yamai sun ce in na san wasu a nan, za su aiko da alluna. Ka tambayi direktan makarantarku ko zai ba ku Laraba da yamma."

Na ce zan tambaya. Kamasho ya ƙwala kira, ta shiga ta zauna kusa da taga, ta ce in tuna wa Alhaji ya riƙa shan maganinsa. Na tsaya har motar ta hau kwalta, sannan na juya babur zuwa lakwal, don a makon aka koma karatu kuma ina da aji da safen.